Sirrin da Duk Kagoro Ta Sani

Kagoro ba garin da mai ɓoyayyen hali zai ji daɗin zama ba ne. Gari ne a gindin dutse, kowa ya san kakan kowa, kuma manyan makarantu biyu da ya yi suna da su duk na gyaran ɗan Adam ne: makarantar tauhidi ta ECWA, wadda asalinta ke komawa ga 'yan mishan na SIM tun shekarun 1930, da kwalejin koyon aikin lafiya. In ka fito ƙofar gida, wanda za ka fara cin karo da shi ko fasto ne, ko mai shirin zama fasto, ko ɗalibin da jiya-jiya aka nuna masa hoton huhun mashayin taba a aji. A irin wannan gari na zaɓi in sha sigari a ɓoye shekara da shekaru, ina malamin makaranta, ina kuma sahun masu kaurin murya a ƙungiyar mawaƙan majami'armu. Har ga Allah na yi imani babu mahalukin da ya sani.

Hujjar da na daɗe ina kare kaina da ita a gaban kaina ita ce ban taɓa sayen kwali ba. A lissafina, mashayi shi ne mai kwali a aljihun gaba da ashana a na baya. Ni kuwa kara ɗaya nake saye. In tsaya gaban mai tebur kamar zan sayi sabulu, in duba gabas in duba yamma, in ce ƙasa-ƙasa, "Ba ni ɗaya." Ya naɗo min ita a guntun takarda, ya haɗo da alewar Tom Tom biyu ba tare da na tambaya ba. Da yake ɗaya ce, kullum ita ce ta ƙarshe. Ta safe ta ƙarshe ce. Ta bayan tashi daga makaranta ta ƙarshe ce. Ta bayan tuwon dare kuwa ita ce ta ƙarshen ƙarshe, har ban kwana nake yi da ita, in zuƙe ta sai wuta ta taɓa min yatsa don kada a yi asara a ranar rabuwa. Ba zan faɗi sunan wadda nake sha ba, tunda ba su biya ni kuɗin talla ba, ni ne ma na yi ta biyansu.

Waɗanda suka rubuta dokar taba ta ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015 gab da saukarsa, sun san irina sarai. Dokar ta hana sayar da sigari kara-kara, ta ce sai a rufaffen kwali mai guda 20, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a. Daga 2021 aka fara buga hoton illar taba a rabin jikin kwali. Duk na karanta wannan a jarida, na jinjina kai, na ce lalle gwamnati ta yi tunani, sannan na fita na sayi ɗaya. Dokar ba ta iso teburin unguwarmu ba. Hoton nan kuwa da aka kashe kuɗi aka buga don a tsorata ni, mai tebur kaɗai ke kallonsa, shi kuma bawan Allah ko warinta ba ya so.

Ba ni na kawo taba ƙasar nan ba, in hakan zai rage min zunubi. Kakana yana da lofensa, kakata tana da ɗan gwangwanin taba gari da take ɗurawa a leɓe, kuma babu wanda ya taɓa ce musu kanzil. Sigari ta takarda ita ce ta zo da wani girman kai na daban. Tun da Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, mai albashi da wanda ya ga duniya su ne ke saukowa daga jirgi da fari a baki, kuma daga 1959 ba sai an kawo ta daga nesa ba, an fara naɗa ta a Zariya. Ni dai a kwalejin horon malamai na koya, lokacin jarrabawa, wai don kada barci ya ɗauke ni. Na ci jarrabawar, na karɓi takarda, na taho gida da abin da ba a rubuta a cikinta ba.

Ƙwazon da na sa wajen ɓuya, da a karatu na sa shi da yanzu ni farfesa ne. Na san kowane lungu da iska ke kaɗawa daga gari zuwa daji. Babban ofishina tsohon layin dogon nan ne da ya ratsa ta Kagoro ya nufi Manchok da Jos, tunda jirgi ya yi wuyar gani a kansa. In ce da mutanen gida zan je duba gona, in bi layin har sai rufin kwano na ƙarshe ya ɓace, in tsuguna bayan ciyawa. In abin ya matsa min ranar Asabar, sai in ƙirƙiro zuwa banki a Kafanchan, in biya kuɗin mota zuwa da dawowa saboda abin da bai kai kuɗin ƙosai ba. Lokacin hunturu ne kakata ta yanke saƙa, don a sanyin Kagoro na watan Disamba da asuba kowa hayaƙi ke fita daga bakinsa, har fasto. Bayan na gama kuma sai aikin kashe wari: Tom Tom, kanumfari, namijin goro, ɓawon lemo in murza a yatsu. In shigo gida ina ƙamshi kamar teburin mai kayan yaji, ina jin kaina gwanin dabara.

Alkawarin bari kuwa, da ana biyan mutum a kansa da na gina bene. Babbar kasuwarsa daren 31 ga Disamba, a sujadar shiga sabuwar shekara. Sha biyu na bugawa kowa ya sunkuyar da kai yana miƙa wa Ubangiji abin da zai bari a tsohuwar shekara, ni ma in miƙa nawa, wani lokaci har da hawaye, na gaske ba na ganin ido ba. Matsalar ita ce wayewar gari 1 ga Janairu ranar bikin Afan ce. Duk ɗan Kagoro da ke Kaduna da Jos da Abuja da Legas ya dawo gida, maharba sun fito da kwari da baka, ƙaho na tashi, ganguna na tashi, ƙura ta turnuƙe filin biki. A cikin wannan hayaniya wani tsohon abokin kwaleji zai ja ni bayan motarsa, ya buɗe kwali ya ce, "Malam, har yanzu kana nan da tsoron naka?" Wa zai bari a kira shi matsoraci ranar da maharba ke rawa? Marigayi Gwamna Awan ya riƙe sarautar garin nan shekara 63, daga 1945 zuwa 2008. Ni ɗan garinsa, alkawarina bai taɓa kwana ba.

Dutsen ne ya fara tona ni. Wasu baƙi suka zo daga Kaduna suna son hawa, ni kuma a matsayina na ɗan ƙasa na shige gaba ina ba su tarihi. Ba mu kai rabi ba tarihi ya ƙare. Ƙirjina ya fara wani fito, gwiwoyina suka saki, na nemi wani falalen dutse na zauna ina yi kamar ina ɗaure takalmi. Sai ga wata tsohuwa daga cikin mutanen da har yanzu ke zaune a saman dutsen, ta dawo daga kasuwa da kaya niƙi-niƙi, tana tafe tana ɓare gyaɗa. A haife ta haife ni. Ta tsaya ta dube ni.

"Sannu ɗana. Zazzaɓi ne?"

"A'a Mama, gari nake kallo."

"To, kalle shi da kyau," in ji ta, ta wuce. Kafin numfashina ya dawo ta sha kwana.

Satin ya zagayo tari bai bar ni ba, uwargida ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Wadda ta auna min jini tsohuwar ɗalibata ce, yarinyar da na koya wa lissafi. Ta ɗaura min abin awo a dantse, ta duba, ta sake dubawa, ta ɗauki biro.

"Malam, ana shan taba?"

"Wa? Ni?"

Ba ta ko ɗago kai ba. "Yi haƙuri Malam, tun muna aji biyu muka sani. In ka tafi gida da littattafanmu ka duba, da warinta suke dawowa. Har suna muka sa maka."

Da ina da hankali da na yi shiru. Na ce wane suna.

"Jirgin Jos. Wai tunda jirgi ya daina zuwa, kai kaɗai ne ke hayaƙi a layin dogo."

Ta gaya min jinina ya hau, ta yi min bayanin abin da hayaƙi ke yi wa jijiyoyin jini, amma gaskiya rabin kunnena na wani wuri. Ina lissafin ajujuwan da suka wuce ta hannuna, kowane aji ya gadar wa na bayansa sunan. Wasunsu yanzu 'yan sanda ne, wasu fastoci, ɗaya ma surukin ƙanina ne.

Da daddare na tattara sauran mutuncina na samu uwargida tana tankaɗen acca. Na gyara murya irin ta mai shirin faɗin cewa yana da wani iyali a Saminaka. "Maman yara, akwai maganar da na daɗe ina ɓoye miki."

"Tabar?"

Na yi tsit.

"Baban yara, ni fa nake wanke rigunanka. Ƙunar da ke aljihun farar rigarka ta zuwa sujada, ka ce min tartsatsin murhu ne. Yaushe rabonka da zuwa kusa da murhu? Kuma namiji mai furfura ba ya shan Tom Tom safe da yamma sai da dalili." Ta ci gaba da tankaɗenta. Daga baya na ji cewa ta daɗe da kai ni gaban Zumuntar Mata ta majami'armu, a sakaye wai: wata 'yar'uwa tana roƙon addu'a domin maigidanta mai fama da ƙirji. Ashe duk gaisuwar nan mai tsawo da iyayenmu mata ke yi min a ƙofar majami'a, suna riƙe hannuna suna cewa "Ubangiji ya ba da nasara, Malam," ba don daɗin muryata ba ce.

Ina so in ce tsoron mutuwa ne ya sa na bari, ko tausayin 'ya'yana, don ya fi daɗin faɗa. Amma kunya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ta shelar cewa taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 duk shekara, ban motsa ba. Yara suka kira ni Jirgin Jos, na kasa barci. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, don haka ranar taron Zumuntar Maza na miƙe na faɗa da bakina cewa ina shan sigari kuma na bari daga yau. Na zaci wuri zai yi tsit. Wani dattijo a baya ya ce, "Madalla, ka daɗe ba ka faɗa ba," aka wuce zuwa maganar kuɗin rufin ɗakin fasto.

Kwanakin farko ba na yi wa maƙiyina fatansu. Abin da ɗalibar tawa ta gaya min, wanda na je na ƙara karantawa, shi ne sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa, kuma cikin kamar awa biyu rabinsa ya bar jini. Wato natsuwar da nake cewa sigari na ba ni, ba kyauta ba ce. Ita ce ke tayar min da hankali in ta fara janyewa, in na ƙara zuƙa ta mayar min da abin da ta ƙwace, ni kuma in yi godiya. Da na hana ta dawowa gaba ɗaya, sai jiki ya yi bore. Barci ya ƙaurace, cikina ya ɗaure, tari ya ƙaru maimakon ya ragu, don huhu ya samu sararin fitar da abin da ya tara, ina ta kaki mai launin da ba zan bayyana ba a gaban masu cin abinci. Masifa kuwa ba a magana. Na yi wa akuya faɗa. Na kori aji guda waje saboda wani ya yi atishawa. Uwargida ta umarci yara su riƙa bin bayan gida in sun hango ni a zaure.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jarabar ba ta daɗewa. Takan taso ta shaƙe ni kamar zan mutu, in na daure 'yan mintoci sai ta lafa, ta koma ta jira. Kuma tana da wuraren da take tare ni: bayan cin abinci, bayan rigima da shugaban makaranta, ranar albashi, ranar da albashi bai zo ba. Akwai cingam da filasta masu nikotin da likitoci suka tabbatar suna taimakawa, amma nemansu sai manyan kantunan magani na birni, aljihun malamin makaranta kuma an san zurfinsa. Sai na koma ga abin da ƙasarmu ke nomawa, na cika aljihu da busasshiyar citta, in abin ya taso in tauna har hawaye su zubo. Rashin sa'a irin tawa, a daidai wannan zamani ne, 2023, cuta ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, daga Kachia zuwa Jaba da Kagarko, manoma suka tafka asara, citta ta zama abin lallaɓawa. Na bar abu mai arha mai kisa na kama mai tsada mai yaji.

Na faɗi sau ɗaya faɗuwa mai sunan faɗuwa, ban da ƙananan tuntuɓe da ba zan tsaya lissafawa ba. Zaman makoki ne a wajen Manchok, dare ya raba, sanyi na shiga ƙashi, wani baƙo daga nesa ya koma gefe ya kyasta ashana. Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni wurinsa ba. Ni da nake raina mai roƙon taba, na ji bakina yana cewa, "Ɗan'uwa, in ka rage ka san min guntun." Guntu fa, da yawun wani a jiki. Na ja sau biyu kaina ya juya, na dafa bango, kuma tsohuwar muryar nan ta dawo tana raɗa min cewa ai ɗaya ba komai ba ce. Wannan ƙarya ce da aka riga aka auna. A 2018 mujallar likitoci ta BMJ ta buga nazarin wasu masana na Landan da suka tattara bincike sama da ɗari, suka gano cewa mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan 20. Ba kashi ɗaya cikin ashirin ba, rabi. Duk ginin da na yi shekaru ina yi a kan "ɗaya ce kawai", a kan yashi yake.

Kafin ɗan acaɓa ya sauke ni a gida da safe, labari ya riga ni isa. Uwargida ta miƙo min ruwan wanka ta ce, "Na ji an ce jirgi ya dawo aiki." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

A nan na gane amfanin garin da ba a ɓuya a cikinsa. Idanun da na yi shekaru ina gudu su ne suka zama masu gadina, ba albashi. In na doshi layin dogo, wani yaro zai ɓullo daga cikin dawa ya ce, "Malam, ina zuwa?" In na daɗe a Kafanchan, sai an tambayi direban da ya kawo ni inda ya gan ni. Mutanen birni suna biyan kuɗi a saurare su a ba su shawara. Ni tsegumin Kagoro ne ya yi min magani, kuma ban taɓa zaton zan gode wa tsegumi ba.

Ladan ya zo a hankali, ta inda ban zata ba. Harshe ne ya fara dawowa. Wata rana ina shan gwate na tsaya na tambayi uwargida me ta ƙara a ciki, ta ce yadda take yi ne tun ranar da aka kawo ta gidan. Hanci ya biyo baya, da alherinsa da sharrinsa: na ji ƙamshin ƙasa a ruwan farko, na kuma buɗe akwati na ji warin tsohuwar kwat ɗina, wadda na yi shekaru ina shiga sahun mawaƙa da ita ina zaton ina ƙamshin kanumfari. Na nemi gafarar wanda ke tsayawa kusa da ni. A waƙa yanzu ina kai ƙarshen layi ba tare da na saci numfashi a tsakiya ba. Masana sun ce cikin shekara guda da bari haɗarin ciwon zuciya kan ragu da kusan rabi, kuma binciken da Richard Doll da abokan aikinsa suka yi a kan likitocin Birtaniya na tsawon shekara 50, daga 1951 zuwa 2001, ya nuna mashayi kan yi asarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa, amma wanda ya bari yana ɗan 40 kan ceto kusan 9, ɗan 50 ya ceto 6, ɗan 60 ma ya tsira da 3. Na duba inda na faɗa a jerin, na ga ba laifi. Dutsen ma na sake hawa har sama. Na huta a hanya, amma wannan karon da gaske garin nake kallo.

Kada a ɗauka na zama waliyyi. Tumbi ya fito, wanduna sun ƙi shiga. Kuɗin da na rantse zan tara in sayi kwanon rufi sun tafi wurin mai tsire da mai gyaɗa. Na kuma zama irin tubabben nan mai gundura, wanda ba ya ganin saurayi da sigari sai ya tsaya ya yi masa huɗuba da alƙaluma, har matasan unguwa suka fara canza hanya in sun hango ni. Kuma har gobe, in ina jiran mota a tashar Kafanchan wani ya kunna a gefe, sai in ga na gyara tsayuwa na koma inda iska ke kaɗo hayaƙin, fuskata a murtuke kamar abin ya dame ni.

Akwai bashin da ya rage min wurin mai tebur, na ranakun da wata ya yi nisa. Da albashi ya zo na je biya. Ya jawo wani tsohon littafin rubutu mai maiƙo, irin wanda ɗalibaina ke amfani da shi, ya buɗe. Ashe ba ya rubuta suna, sai dai ya ja ɗan layi a duk kara ɗaya, in an biya ya soke. Ya yi ta buɗa shafi bayan shafi, duk layuka ne a jere, an soke, an soke, an soke. A saman kowane shafi ya zana ɗan jirgin ƙasa da biro.

Na biya, na ce ya yage shafin ƙarshen tunda an gama.

Ya rufe littafin ya mayar ƙarƙashin tebur. "Bar shi dai, Malam," in ji shi. "Ai bai cika ba."